Ƙafa Huɗu Daga Ɗakin Inna

Ginin gidan nan na Hanwa ya ba ni wahala. Shekara tara ina fama da shi. Na sayi filin gemuna baƙi wuluk, kafin in kai ga rufi ya yi furfura. Duk sanda na haɗa abin sayen siminti sai in je in tarar ya tashi, in dawo da rabin abin da na yi niyya. An sace min rodi sau biyu. Birkila na farko ya gudu ya bar aikin a rabi, na biyu ya rasu, Allah ya jiƙansa, na uku kuwa da ma shi ne ya gudu tun da wuri. Amma duk wannan bai ci min rai ba kamar maganar wurin ajiye tufafi. Tufafi fa. Zannuwa da riguna da takalma.

Ni mai walda ne. Shagona yana bayan PZ a Sabon Gari, kuma a nan kusa muke haya da iyalina tun da na yi aure. Boko a aji huɗu na tsaya, amma awo na san shi. Tef ba ya barin aljihuna ko masallaci za ni. Ƙofofi da tagogin da na yi wa gidajen mutane a garin nan ba su da iyaka, ba a taɓa dawo min da ɗaya an ce bai shiga ba. Na faɗi wannan ne don a san irin wautar da na tafka.

Gidan ba don kaina na matsa a kansa ba. Don Inna ne, mahaifiyata. Tana zaune a Samaru, a tsohon gidan da mahaifinmu ya bari, ginin ƙasa. Bangon ɗakinta ya tsage daga sama har ƙasa, idan ka tsaya a waje kana hango hasken fitilarta. Da damina robobi ake jerawa. A daminar bara katangar maƙwabtanta ta zube a kan awaki uku, na je na ga wurin, na rantse a raina Inna ba za ta ƙara ganin ruwan sama a ɗakin nan ba.

To ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a can na girma. Idan dole ta yi maganata sai ta ce "wancan", ko "mutumin Sabon Gari". Idan na je gaishe ta a bakin ƙofa nake durƙusawa, daga waje, ta amsa tana kallon wani gefe. Duk abin da take so, ko ni nake so, ta bakin ƙanwata yake bi, wadda ke aure a layin bayansu. Haka muka rayu fiye da shekara hamsin. Ban taɓa ganin aibin abin ba. Cikin ɗakinta kuwa iyakar sanina da shi abin da ido ke hangowa ta gefen labule.

Filina rabin fuloti ne. Ba wani zane a takarda, birkila ne ya ja igiya ya zuba toka a ƙasa, na taka na ce ya yi. Falo, ɗakina, na yara, na uwar yara, sai na Inna a jikin na uwar yara daga kudu. Ƙafa goma-goma. An tayar da bangon waje har linta, saura na tsakani, sai babbar 'yata da ke karatu a jami'a ta dawo gida wata Asabar da waya a hannu.

"Baba, duba nan," ta ce. "Yanzu an daina yayin wadrob. Ɗan ɗaki ake yi a cikin ɗaki. Ka shiga da ƙafarka, kaya a rataye dama da hagu, ga madubi, ga wurin takalma."

Na duba. Wani wuri ne fari fat kamar kantin magani.

"Wato zani ma sai an gina masa ɗaki? Haya zai riƙa biya?"

Ta yi dariya, uwarta ba ta yi ba. Ashe sun gama maganarsu tun kafin in shigo.

"Malam, shekara ashirin da biyu kayana na cikin akwati da Gana-mas-go," in ji uwar yara. "Idan zan je biki sai na sauke akwati huɗu kafin in kai ga zani ɗaya. Leshin lefena ɓera ya cinye shi a gidan nan, ka gani da idonka. Ban taɓa roƙonka komai a ginin nan ba. Wannan kaɗai."

Gaskiya ne, ba ta taɓa roƙo ba. Har ɗan kunnenta ta sayar lokacin fandisho.

Akwai wani kafinta da shagonsa ke kallon nawa, Ibo ne amma haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa. Na ɗauke shi a babur muka je Hanwa. Ya zagaya, ya leƙa nan ya leƙa can, ya girgiza kai.

"Oga, filinka bai kai ba. Wannan abin na masu fuloti biyu ne. Bari in kafa wa Madam wadrob a jikin bango, daga ƙasa har silin. Ƙafa biyu kawai zai ci, kuma a cikin ɗakinta. Akwatuna su hau sama, zannuwa a tsakiya, takalma a ƙasa. Ba wanda za a taɓa wa ɗaki."

"Ita ɗaki take so."

"Ɗakin da ba taga? A Zariya, da damina? Kafin wata biyu kaya sun yi fumfuna, ka zo kana zagina."

Na ce masa katako yake son sayar min. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Gidanka ne, Oga."

Birkila yana tsaye yana jinmu. Shi wannan mutum tun da na san shi kalma ɗaya ce a bakinsa, ba matsala. Ka ce ya gina maka rijiya a kan rufi, ba matsala. Kuma Alhaji yake kirana, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

"Ai ba matsala, Alhaji," ya ce. "Mu matsa da bangon nan, mu ci ƙafa huɗu daga ɗakin tsohuwa. Tsohuwa me za ta yi da fili? Ba rawa za ta yi ba."

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na lissafa a kaina, goma a tsaye shida a kwance. Gado, tabarma, buta. Na ce ya isa. Tef yana aljihuna a lokacin, ina jin nauyinsa. Samaru kuwa daga Hanwa ba ta kai tafiyar da shayi zai huce ba. Amma ko a mafarki bai zo min ba cewa zan shiga ɗakin Inna in auna kayanta. Ta ina ma zan fara? In ɗaga labule in ce mata me?

Aka yi bango. Aka yi filasta, aka sa tayil, aka yi fenti. Kafinta ya zo ya kafa katakai a ɗan ɗakin yana ta ƙunƙuni, ya sa sandunan rataye kaya da madubi mai tsawon mutum. Ni da kaina na yi ƙarafan da suka riƙe katakan, na goge su har suna ɗaukar ido. Ranar da uwar yara ta gani, ta shiga ta fito ta sake shiga, ta tsaya gaban madubin tana gyara ɗankwali kamar amarya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.

Lokacin zafi ne, saura kamar wata guda ruwa ya sauka. Na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku aka kawo Inna da ƙanwata su ga gida. Suka shiga ɗakin, ni na tsaya a baranda kamar yadda na saba. Ta ƙofa na hango Inna ta kara hannunta a jikin bango, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ta ɗaga ta sake karawa a gaba, ta sake, ta sake. Na ce a raina santsin filasta take ji. Har ƙirjina ya buɗe.

"Ina gabas?" ta tambayi ƙanwata.

Aka nuna mata. Ta daɗe tana kallon wajen. Sannan ta fito, ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta ce wa iska, "Allah ya sa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa."

Na ce amin, na koma shago ina ta fara'a.

Daga nan sai ranar tashi ta ƙi zuwa. Na aika a tambaya, aka ce sai bayan Juma'a. Juma'a ta wuce, aka ce ƙafa ke ciwo. Na aika da magani, aka ce akwai sunan jikar maƙwabciya. Mu ma muka ƙi tarewa, don na ce ba wanda zai kwana a gidan kafin ita. Uwar yara ta ɗaure kaya ta kwance, ta ɗaure ta kwance. Sama ta fara haɗa gajimare da yamma. Ni kuma ina ta jin haushin tsohuwa a ɓoye, ina cewa mutum ya kashe kansa shekara tara, a saka masa da ciwon ƙafa.

Wata Laraba da hantsi ina tsugune ina haɗa wani get, sai ga ƙanwata a bakin shago. Ba ta taɓa zuwa shagona ba. Na kashe inji.

"Lafiya?"

"Yaya, wai ba ka gane ba ne, ko da gangan kake yi?"

"Gane me?"

"Gadonta ba zai shiga ba."

Na ce wane irin gado ne ba zai shiga ɗaki ba.

"Gadon ƙarfen nan mai rumfa. Kamu huɗu ne da taƙi ɗaya. Ɗakinka kamu huɗu ne cif. A gabanka ta auna, kana tsaye kana washe baki."

"To a juya shi ta tsawon ɗakin mana."

Ta dube ni kamar ta ga jaki ya yi magana.

"Tun ranar da Baba ya rasu a kan gadon nan, Inna ba ta taɓa kwanciya ba sai a kan damanta, kai a kudu, fuska a gabas. Ta ce ba ta san ranar da za a zo ɗaukarta ba, gara a same ta a shirye. Likkafaninta ma yana cikin adakar da ke ƙarƙashin gadon. In ka juya shi, ina za ta kalla? Bayan gida? Kuma ina za ta shimfiɗa abin salla, a kan silin?"

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Uwata ce, ina da shekara hamsin da ɗoriya, ban san ta wane gefe take kwanciya ba.

"Me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa? Kai? Ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari ɗakin da ya gina mata ya yi kaɗan? Ni ma cewa ta yi idan na gaya maka ba ta yafe ba. Ta ce a bar ta a inda take, ruwa ba yau ya fara ba. Na ɗauki alhakin ne don jiya na ga ƙasa na zubowa daga tsagar nan."

Na bar get ɗin a ƙasa, na hau babur sai Hanwa. Na tarar da birkila yana gyara dakalin ƙofar gida. Na gaya masa. Ko ɗagowa bai yi sosai ba.

"Ai ba matsala, Alhaji. Kai da kake mai walda? Taƙi ɗaya ne fa. Ka yanke gadon a tsakiya ka haɗe, ka shafa fenti. Wallahi tsohuwa ba za ta gane ba."

Akwai guntun rodi kusa da ƙafata. Allah ne ya riƙe hannuna. Gadon da mahaifinta ya saya mata ranar aure, wanda ta haife mu a kai, wanda ubana ya cika a kai, shi zan sa wa injin yanka don takalma su sami ɗaki. Matar da ta auna bango da hannu ta gane taƙi ɗaya, ita ce ba za ta gane ba. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Na ce ya tattara cebur ɗinsa da ba matsalarsa ya bar min gida. Yana tafiya yana cewa, "Alhaji, ai kai ka ce a yi." Abin da ya fi ƙona ni ke nan, don ni na ce a yi.

Kafin in isa gida hadari ya haɗu. Ana kiran la'asar iska ta taso, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Na shiga a jiƙe, na sami uwar yara da 'yarta suna tare ɗigar da ke bakin taga. Ban ko zauna ba na fara. Na ce su da wayarsu sun sa na tauye uwata. Na ce an ga abu a gidan masu kuɗi an ɗora min. Na ce zani ya sami ɗaki da madubi, wadda ta haife ni tana can ƙasa na zubo mata. Yarinyar ta sulale ta shige ciki. Uwarta ta ajiye tsumman hannunta, ta bari na gama.

"Ka gama, Malam?"

"Ban gama ba."

"To ka tsaya haka. Ni na ce ina son wurin kaya. Ban ce a ɗebo daga ɗakin Inna ba, ba na wurin da kuka yanke. Da ka tambaye ni, da na gaya maka tsawon gadon nan, don ni nake gyara mata shimfiɗa duk ranar da na je. Shekara ashirin da biyu ina shiga ɗakin. Ka taɓa tambayata? Wa ke yawo da tef a aljihu, ni ko kai? Ƙofar bayan gidan wani ma sai ka auna ta sau biyu."

Haushi ya ƙara kama ni, don na shigo da niyyar in sauke shi a kan wani, ga shi ya dawo min gaba ɗaya.

Waya ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ta ce sun jera roba biyar, sun ja gadon daga jikin bango, ta roƙi Inna ta koma gidanta ko na kwana ɗaya ne, ta ƙi. Ina jin ƙarar ɗigar ruwa a cikin robar ta cikin wayar. Na ce ta ba Inna wayar. Ta ce, "Yaya, ka san ba za ta karɓa ba."

Na zauna a bakin ƙofa har ruwan ya tsagaita. Uwar yara ta kawo tuwo ta ajiye, ban taɓa ba. Ta ɗan tsaya a kaina.

"Idan fasawa za ka yi, ka fasa," ta ce. "Amma madubin nan kada ka kuskura ya fashe. Kuma katakaina a cire su a hankali."

Ta jira abin nan shekara ashirin da biyu, ko zani ɗaya ba ta rataya a ciki ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaure babbar guduma a bayan babur na nufi Samaru. Layinsu duk taɓo. Na yi sallama, ƙanwata ta amsa, a can ta kwana. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaida Inna kamar kullum, ta amsa kamar kullum. Sai na cire takalmi, na ɗaga labule na shiga.

Ɗakin ya fi yadda nake zato duhu, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da man zafi. Tana zaune a kan abin salla da carbi. Da ta ga inuwata a ciki sai ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Na zaro tef, na kama ƙarshensa a ƙarfen kai, na ja zuwa na ƙafa. Ƙafa shida da inci bakwai. Na sake aunawa. Na auna faɗi, na auna tsayin rumfar, na durƙusa na auna adakar, na auna abin sallar daga inda gefensa ya fito. Na rubuta duka a bayan hannuna.

Ina miƙewa na ji ta ce wa ƙanwata, ƙasa-ƙasa, "Ki tambayi wancan ko ya karya."

Na ce wa ƙanwata ta ce mata na karya. Ƙarya ce. Na ce kuma ta fara ɗaure mata kaya, ranar Lahadi zan zo da mota.

Daga nan sai Hanwa. Na kwance madubin na kai shi falo na jingina da bango, na rufe shi da buhun siminti. Na cire katakan ɗaya bayan ɗaya na jera. Na kira kafinta na ce ya zo da tef ɗinsa ya duba bangon ɗakin uwar yara, daga ƙasa har silin.

"Oga, ba na gaya maka ba?"

Na ce idan ya ƙara faɗin haka zan ba wani aikin, na kashe wayar. Na tuɓe riga, na ɗauki guduma, na fara daga bulon sama.